Libarbar Webley

Libarbar Webley ƙaramar bindiga ce ta hannu mai cin harsashi shida, wadda kamfanin Webley na birnin Birmingham a ƙasar Ingila ya ƙera wa sojojin Birtaniya. Ta shiga aikin soja a shekarar 1887, kuma ire-irenta ba su bar hannun sojoji ba sai a 1963. An yi amfani da ita a Yaƙin Boer na Afirka ta Kudu, da Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, da kuma ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka. A yau tana cikin tsofaffin bindigogin soja da masu tara kayan tarihi suka fi nema, musamman idan an same ta tare da kubenta na fata. Tsufa kaɗai bai cika kashe wannan bindiga ba. Yawancin waɗanda suka lalace, gyaran da bai dace ba ne ya lalata su, ko harsashin da ba nasu ba, ko mummunar ajiya.

Tarihi

Kafin Webley, sojojin Birtaniya suna riƙe da libarbar Enfield ce, wadda ta shigo a 1880 amma ba ta samu karɓuwa ba, saboda kwanson harsashi yakan maƙale a cikinta. A watan Nuwamban 1887 gwamnati ta amince da bindigar kamfanin P. Webley & Son a madadinta, aka kira ta Mark I, aka kuma yi odar guda 10,000 a karon farko. A 1897 kamfanin ya haɗe da wasu maƙeran bindiga na Birmingham, ya koma Webley & Scott.

An yi samfuri shida masu harsashin .455. Mark II da Mark III ƙananan gyare-gyare ne a kan na farko. Mark IV ya fito a 1899, daidai lokacin da Yaƙin Boer ya ɓarke, shi ya sa masu tarawa ke kiransa da sunan wannan yaƙi. Mark V ya zo a watan Disambar 1913 da silinda mai ɗan ƙarin kauri, domin ta jure sabon albarushi marar hayaƙi, amma bai daɗe ba. A watan Mayun 1915 Mark VI ya maye gurbinsa, kuma shi ne wanda aka fi sani: bututunsa inci shida ne, ƙotarsa mai kusurwa ce maimakon mai lanƙwasa irin ta magabatansa, nauyinsa kuma ya kai kimanin kilo 1.1. Bayan yaƙi, masana'antar gwamnati da ke Enfield ita ma ta ƙera Mark VI a cikin shekarun 1920.

A ramukan yaƙi na Faransa an ƙirƙiro mata kayan haɗi iri-iri. Akwai na'urar Prideaux mai zuba harsasai shida a lokaci guda, akwai kuma banatin Pritchard da kamfanin Greener ya yi daga tsofaffin banatin sojan Faransa. Banatin ba a yi shi da yawa ba, don haka na jabu sun cika kasuwar masu tarawa.

Daga baya hukumomin soja suka ga cewa .455 ta yi wa sabon soja nauyi, ga shi babu isasshen lokacin horo. A farkon shekarun 1930 aka koma libarbar Enfield No. 2 mai harsashin .38, wadda ta yi kama da ƙirar Webley ƙwarai, har kamfanin ya kai ƙara yana neman diyya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Enfield ta kasa ƙera adadin da ake buƙata, sai gwamnati ta dawo tana sayen Webley Mark IV mai harsashin .38. Wannan suna yakan rikita sabon mai tarawa, domin Mark IV biyu ne: na 1899 mai .455, da wannan ƙarami mai .38. Bindigar Browning Hi-Power ce ta gaje su duka.

A Afirka ta Yamma, hafsoshin Turawa na rundunar da Frederick Lugard ya kafa a 1897 suna bin tsarin makaman sojan Birtaniya ne, kuma lokacin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903, Mark IV ne samfurin da gwamnati ke amfani da shi. Kalmar libarba kanta daga bakin Turawan Ingila ta shigo Hausa.

Yadda take aiki

Webley tana cikin bindigogin da ake karyawa a tsakiya kafin a ɗura musu harsashi. A gefen hagu, kusa da guduma, akwai sakata mai siffar likkafa. Idan aka danna ta da babban yatsa, bututu da silinda sukan sunkuya gaba a kan mahaɗin da ke ƙasa. Suna sunkuyawa, wani ƙarfe mai kamar tauraro zai taso daga tsakiyar silinda ya tunkuɗo kwansuna shida gaba ɗaya. Wannan ya sa ta fi yawancin takwarorinta saurin ɗuri, abin da ke da muhimmanci ga mahayin doki mai riƙe da linzami a hannu ɗaya.

Ana iya harba ta ta hanya biyu: a ɗana guduma da yatsa sannan a taɓa kunama, ko a ja kunamar kai tsaye ta ɗana gudumar ta kuma sake ta. Hanya ta biyu tana buƙatar ƙarfin yatsa sosai.

Harsashin .455 babba ne amma ba shi da gudu. Ƙwayarsa ta dalma ta kai giram 17, tana tafiyar kimanin mita 190 a daƙiƙa. Na farko baƙin albarushi ake zuba masa, daga baya aka koma kodayit, wato albarushi marar hayaƙi. A 1898 an fito da wani iri mai rami a goshi wanda ke buɗewa a jikin mutum, amma aka janye shi bayan yarjejeniyar Hague ta 1899 ta haramta irin wannan harsashi a yaƙi.

A gaban silinda akwai wasu 'yan fikafikai biyu na ƙarfe masu kusurwa uku. Aikinsu shi ne su buɗa bakin kube yayin da ake mayar da bindiga, don kada gefen silinda ya kama fatar.

Kube

Har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, hafsan sojan Birtaniya da kuɗinsa yake sayen bindigarsa da kayan ɗamararsa, sharaɗin kawai shi ne bindigar ta ci harsashin gwamnati. Saboda haka kuben hafsoshi ba iri ɗaya ba ne. Kowanne da shagon da ya ɗinka shi, kuma sau da yawa ana samun sunan maɗinki da shekara a bayan kuben ko a ƙarƙashin marfi, wani lokaci har da sunan mai shi da tawada.

Yawanci ana rataya kuben ne a ɗamarar Sam Browne. Sunan ya samo asali daga Janar Sam Browne, hafsan sojan Birtaniya a Indiya wanda ya rasa hannunsa na hagu a fagen fama a 1858. Da yake ba shi da hannun da zai riƙe kuben takobi yayin zarewa, sai ya ƙirƙiro faffaɗar ɗamara mai maɗauri da ke ratsa kafaɗa, wadda ke riƙe kaya a wuri ɗaya. Kuben hafsa na fatar saniya ne mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, da marfi mai rufe ƙota gaba ɗaya da maɓalli na tagulla. Na ƙananan sojoji, kamar masu sarrafa bindiga mai jigida, sau da yawa buɗaɗɗen baki gare shi, da siririn maɗauri. Wasu kuben suna da ɗan kwararo a gefe na saka tsinken goge bututu. A gindin ƙotar bindiga kuma akwai zobe na ɗaura igiyar da ake ratayawa a wuya ko kafaɗa.

Fata ba ta ji daɗin laka da ruwan ramukan yaƙi ba, haka kuma a ƙasashe masu zafi da laima takan yi fumfuna ta ruɓe. Kayan ɗamara samfurin 1937 na saƙaƙƙen zaren auduga ne mai kauri, kuma a irinsu ne akasarin libarbobin Yaƙin Duniya na Biyu suka zauna. Shi ya sa kuben fata na asali mai lafiyayyen ɗinki ya fi bindigar kanta wuyar samu.

Abin da masu tarawa ke dubawa

Abu na farko shi ne lamba. Ana buga lambar bindiga a uwar jikinta, da bututu, da silinda. Idan lambobin uku sun yi daidai, sassan tare suka fito daga masana'anta. Idan sun saɓa, an yi haɗe-haɗe, kuma darajar ta ragu. Ba kuɗi kaɗai abin ya shafa ba, domin a wancan zamani da hannu ake daidaita kowace silinda da bindigarta.

Na biyu shi ne hatimai. Alamar kibiya mai faɗin kai tana nuna kayan gwamnatin Birtaniya ne. Kibiya biyu masu fuskantar juna suna nuna an sallami bindigar daga aikin soja an sayar da ita. Akwai hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, akwai kuma tambarin kamfanin, wato harsashi mai fikafikai. Kalmar ENGLAND da ake gani a jikin wasu ba ta soja ba ce, an buga ta ne lokacin da za a fitar da su zuwa kasuwar Amurka. Wasu kuma suna ɗauke da alamar bataliya ko ta rundunar 'yan sanda, kuma irin waɗannan su ne ake iya bin sawun tarihinsu.

Na uku shi ne launin ƙarfe. Bindigar da ta yi aiki, baƙin rininta yakan koɗe a bakin bututu da gefen silinda, inda fatar kube ke gugarsa. Masu tarawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin aibi. Abin da suke ƙi shi ne bindigar da aka goge da samfefa aka sake rina ta: tana sheƙi, amma kusurwoyinta sun dakushe, hatimanta sun shafe rabi da rabi. Mai ita ya kashe kuɗi ne ya rage mata kuɗi.

Akwai kuma na kwaikwayo. Maƙeran garin Darra Adam Khel da yankin Khyber a Pakistan sun daɗe suna ƙera Webley da hannu, har da hatimanta. Akan gane su ta harafin da ya juya baya, ko kuskuren rubutu, ko shekarar da ba ta dace da samfurin ba. Ƙarfensu ba abin dogaro ba ne, kuma ba a harba su.

Askakkiyar silinda

Wannan ita ce babbar matsalar Webley mai .455. A shekarun 1950 da 1960 an kwashi rarar bindigogin sojan Birtaniya da yawa zuwa Amurka, inda harsashin .455 ke da wuyar samu, na .45 ACP kuwa yana ko'ina da araha. Sai 'yan kasuwa suka riƙa aske bayan silinda da injin, suna cire fiye da milimita ɗaya na ƙarfe, domin a sami wurin saka harsashin .45 ACP tare da ɗan faifan ƙarfe mai kamar rabin wata da ke riƙe shi.

Harsashin yana shiga, kuma yana tashi. Haɗarin yana cikin matsin da yake haifarwa. Ma'aunin Turai ya ƙayyade matsin .455 a ba 900, alhali na .45 ACP na masana'anta yana iya haura ba 1,400. Wato kowane harbi ɗaya yana iya wuce gwajin ƙarfi da ake yi wa bindiga sau ɗaya a gidan gwaji kafin a sayar da ita. Ƙari a kan haka, ƙwayar .45 ACP tana da rigar jan ƙarfe mai tauri, ita kuwa Webley da dalma mai laushi aka tsara ta. Bindigar tana iya jurewa shekaru, sakata da mahaɗi suna saki a hankali, sannan wata rana bangon silinda ya tsage. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne Mark I zuwa Mark IV, waɗanda aka ƙera kafin a ƙara kaurin silinda.

Gane askakkiyar silinda ba shi da wuya. Lambar da ke gefen bayanta takan bayyana a yanke, ƙasan alƙaluman ya tafi, hatiman da ke fuskar bayan kuma sun ɓace. Idan an rufe bindigar, ratar da ke tsakanin silinda da uwar jiki takan yi faɗi fiye da kima. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa, shi ya sa wadda ba a taɓa ba ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Harbi

A ƙasashen da doka ta yarda, akwai ƙungiyoyin da ke gasar harbi da tsofaffin bindigogin soja, kamar waɗanda ake yi a filin Bisley na Ingila. Kafin a harba bindigar da ta haura shekara ɗari, ƙwararren maƙerin bindiga ne ya kamata ya duba ta. Yakan duba ko kowane ramin silinda yana tsayawa daidai saitin bututu kafin guduma ta faɗi, domin idan ya kauce, gefen ƙwayar harsashi zai daki bakin bututu ya watso ɓarɓashin dalma. Yakan girgiza bututun ya ji ko mahaɗi ya saki, ya duba ko sakata tana kamawa sosai, ya kuma leƙa cikin bututu don neman kumburi ko ramukan tsatsa. Samfuran farko da aka yi don baƙin albarushi, masu tarawa da yawa sun gwammace su bar su a ajiye.

Tsohon harsashin soja yana da nasa sharrin. 'Yar hular da ke gindinsa, wadda ke tada wuta, tana barin wani gishiri a cikin bututu. Gishirin yana jawo laima, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. Shi ya sa sojojin da suke zuba tafasasshen ruwa a bututu, su busar, sannan su shafa mai. Yawancin bututun da aka samu sun yi baƙi sun yi ramuka, rashin wannan wankin ne sanadinsu.

Kulawa da ƙarfe da fata

Ƙa'idar gidajen adana kayan tarihi ita ce kada a yi wa abu aikin da ba za a iya warware shi ba. Ƙarfe ana goge shi da tsumma mai laushi, a shafa masa mai kaɗan ko kakin adana kaya irin Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihi na British Museum a shekarun 1950. Gumin hannu yana da gishiri, don haka ana sa safar hannu ko a goge bayan an taɓa. Marafan ƙota na baƙar roba ce mai tauri, wadda ke yin gautsi da tsufa. Rana tana mayar da ita ruwan ƙasa, ɗaure sukuru da ƙarfi kuma yana tsaga ta. Sukurudireban da bai cika bakin sukuru ba yana barin tabon da kowane mai saye zai gani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye bindiga a cikin kubenta. Kuben an yi shi ne don ɗauka, ba don ajiya ba. Fata tana shan laimar iska ta riƙe ta a jikin ƙarfe, ga kuma sinadaran jima da ke cikinta. Irin wannan fata da ɓawon itace ake jeme ta, kamar yadda majeman ƙasar Hausa ke yi da bagaruwa, kuma ruwan jimar yana da tsami mai cin ƙarfe. Bindigar da ta shekara ashirin a cikin kube a akwati takan fito da tsatsa daidai inda fatar ta taɓa ta. Masu tarawa sukan ajiye su kusa da juna amma a rabe, su cusa wa kuben takarda marar tsami don kada ya lotse.

Fatar ita ma ba ta son yawan kulawa. Man da ake shafa wa sirdi da takalmi yana tausasa ta, amma kube ba laushi yake buƙata ba, tauri ne ke riƙe siffarsa. Mai da yawa yana baƙanta fata, yana sa ta saki, yana jawo ƙura da fumfuna, kuma ba ya fita. Goge ƙura da burushi mai laushi ya isa a mafi yawan lokuta. Inda tagulla ta haɗu da fata, wani koren datti mai kamar kaki yakan taru, sakamakon haɗuwar maiƙon fata da jan ƙarfen da ke cikin tagullar. Ana cire shi a hankali da tsinken itace, domin idan ya taru yakan yage ramin maɓalli. Fumfuna kuma ana kaɗe ta a waje bayan ta bushe.

Akwai cutar da ba ta da magani, wadda ake kira jan ruɓa: fatar ta koma ja-ja, tana marmashewa kamar gari a hannu. Gurɓatacciyar iska, musamman hayaƙin gawayin kwal na biranen Turai, ita ce ke haddasa ta a fatar da aka jeme da wasu irin itatuwa. Masana sukan shafa wani sinadari mai suna Klucel G don ya riƙe fuskar fatar, amma ƙarfinta ba ya dawowa. Laimar da ta fi dacewa da ƙarfe da fata duka ita ce wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, ba tare da hawa da sauka ba. Wurin da ake fita daga damina a shiga hunturu mai busar da komai, fata takan kumbura ta kuma tsuke kowace shekara har ɗinkinta ya tsinke.

Doka

Matsayin tsohuwar libarba ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, abin da ya shafi samfuran Webley na farko, ko da yake jihohi suna da nasu dokokin. A Birtaniya, bayan kisan da aka yi a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, dokar 1997 ta haramta wa jama'a mallakar ƙananan bindigogi. Sashe na 7 na dokar ya keɓe masu tarihi: wasu waɗanda aka ƙera kafin 1919 ana iya ajiye su a gida da lasisi ba tare da harsashi ba, wasu kuma sai a wuraren da gwamnati ta amince, inda a can kaɗai ake harba su.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin jerin makaman da aka haramta, ba tare da la'akari da shekarunsu ba, kuma mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa. Wanda ya tsinci irin wannan bindiga a cikin kayan gado, hukuma ya kamata ya miƙa wa.

Ana iya ganin samfuran Webley da kubensu a gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds, da gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan. Bindigar ta kuma fito a finafinai da dama. A fim ɗin Zulu na 1964 an nuna hafsoshi riƙe da Mark VI a yaƙin da aka gwabza a 1879, wato shekara 36 kafin a ƙera ta.